Ramar Abdulbasit

Matan Hausawa da ke zaune a unguwar Sentul da kewayen titin Jalan Semarak ba kasafai suke kiran Bashira da sunanta ba. Wasu su ce Maman Habiba, amma yawancinsu Malamar Gona suke ce mata, kuma ba zolaya ba ce. Aikinta ke nan kafin karatun mijinta ya kawo su Kuala Lumpur.

'Yar Kadawa ce, inda ruwan rani ba ya yankewa. Mahaifinta, Malam Maitama, tumatur da attaruhu yake nomawa, kuma tun tana 'yar shekara takwas take binsa fadama da goran ruwa. Bai yi boko ba, amma in ya tsuguna a gaban shuka mara lafiya sai ka rantse gaisawa suke yi. A wurinsa ta koyi bin abin daki-daki. Da farko ka duba inda ciwon ya faro, a tsofaffin ganyen ƙasa ne ko a sababbin na sama. Sai ka juya ganyen ka ga bayansa, don ƙwaro ba ya zama a fili. Sai ka tura yatsa cikin ƙasa, ka zaro, ka sansana. Mai shukar shi ake tambaya a ƙarshe, domin a cewar Malam Maitama ba a taɓa yin manomin da ya yarda da laifinsa a tambayar farko ba.

Da ta girma ta yi kwalejin aikin gona, ta shekara bakwai tana zaga ƙauyuka tana koya wa mata noman lambu. Sai mijinta Tajuddeen ya sami tallafin karatu na gwamnati don yin digiri na uku a fannin injiniya. Suka tattaro da 'yarsu Habiba, suka kama gida a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a Sentul, wanda tagarsa ke kallon layin dogo.

Shekarar farko ta ba ta wuya. Mutumin da ya saba taka ƙasa, ga shi an rataye shi tsakanin sama da ƙasa. Abin da ya cece ta shi ne wani ƙullin iri da aka kawo mata daga gida. Ta samo bokitan fenti, ta huda gindinsu, ta sayo ƙasa a leda, ta jera su a 'yar barandar da ake shanya. Rama, yakuwa, lalo, ɗoɗɗoya. Ranar da ta fara yin kwaɗon rama ta raba wa mata biyar, labari ya bazu. Daga nan kowa ya so ya shuka, kuma kowa shukarsa ta fara ciwo. Hotuna suka riƙa shigowa wayarta. Wannan ganyen ya yi rawaya, wancan ya nannaɗe, wani ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda. Takan amsa a taƙaice. Ɗauke shi daga gaban na'urar sanyaya ɗaki. Ruwa ya yi yawa. Juya ganyen ki sake ɗauko mini. Ba ta cika kuskure ba, kuma tana jin daɗin hakan fiye da yadda take nunawa.

A shekararsu ta uku aka yi musu sababbin maƙwabta a ƙofar da ke kallon tasu. Abdulbasit ɗalibi ne a jami'a ɗaya da Tajuddeen, mai sanyin murya, wanda in ya gaishe ka idonsa na ƙasa. Matarsa Khaulah 'yar cikin birnin Zariya ce, ba ta wuce ashirin da huɗu ba, ga dariya, ga surutu. Ita da bakinta take cewa ba ta iya bambanta gero da dawa sai an daka. Cikin wata uku ta kama yaren Malay fiye da Bashira mai shekara uku a ƙasar. In sun je kasuwar Chow Kit, ita ke taya kifi, tana cewa mai kifin "boleh lah, boleh lah", wato ai zai yiwu, har sai ya gaji ya rage mata. In sun dawo a gajiye su tsaya a wurin mamak, mai sayar da abinci a ƙasan benen, su yi tapau, wato a ƙunsa musu, su hau sama su ci a faranti ɗaya. Anti take ce wa Bashira, ita kuma Bashira ta ɗauke ta ƙanwa.

Wani watan Oktoba Abdulbasit ya tafi Najeriya, ya ce mako uku zai yi, zai tattaro bayanan bincikensa. A rana ta goma sha ɗaya da tafiyarsa, Bashira ta idar da sallar azahar ke nan sai ga saƙon murya daga Khaulah.

"Anti, don Allah ki taimake ni. Ramar Malam ce ba ta da lafiya. Ta bincikensa ce, ya bar mini makulli ya ce in riƙa ba ta ruwa. Ya ce kada kowa ya shiga ɗakin don ƙura tana ɓata gwajin, amma wallahi in ta mutu a hannuna ban san me zan ce masa ba. Shekara guda yana wahala a kanta."

Bashira ba ta yi mamaki ba. Ta sha jin Tajuddeen na cewa a ƙasar nan ana bincike sosai a kan zaren rama, har a cikin kayan mota ana sa shi. Ta yafa mayafi ta tsallaka.

Ƙaramin ɗakin baya ne. Da Khaulah ta murɗa makulli, zafi ya fara fitowa kafin haske. An toshe tagar da baƙar leda, an liƙe gefenta. Fitila mai ƙarfi na rataye a tsakiya, fanka na juyawa a kusurwa, ga tukwanen roba biyar a jere, kowace da shuka da ta kai ƙugun mutum. Akwai wani wari a ɗakin, amma Bashira ba ta tsaya a kansa ba, domin idonta ya riga ya tafi wurin aikinsa.

Ta tsuguna. Ganyen ƙasa sun yi rawaya, wasu sun zube a bakin tukunya. Na tsakiya sun langaɓe sun yi nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma, alhali ba ƙishirwa suke ji ba. Tsinin kowane ganye ya ƙone ya yi launin ƙasa, ya lanƙwashe ƙasa kamar farce. Na can sama kusa da fitila kuma sun koɗe, gefensu ya naɗe sama. Ta juya ganye biyu uku, babu ƙwaro. Ta tura yatsa a ƙasar, ta zaro shi da taɓo mai tsami.

"Sau nawa kike ba su ruwa?"

"Yadda ya ce mini."

"Khaulah."

Khaulah ta rufe fuska da tafin hannu. "Shi ya ce sai bayan kwana uku. Ni kuma na ga ɗakin da zafi, sai tausayinsu ya kama ni. Safe da yamma nake ba su."

"Wannan kwalbar fa?"

"Takinsu ne. Da na ga sun fara laushi sai na ƙara musu, ko za su ji ƙarfi."

"To kin shaƙe su, kin kuma ƙona musu baki," in ji Bashira, tana 'yar dariya. "Saiwa ma tana numfashi. Kin ga mai zazzaɓi ba a yi masa ɗura da tuwo."

Tana magana hannunta ya tsinko ɗanyen ganye ɗaya ya kai baki. Al'adarta ce da rama, ta ɗanɗana tsaminta. Ta tauna. Babu tsami. Wani ɗaci ne mai maiƙo ya bi harshenta ya haye hanci. Ta dubi yatsunta, suna danƙo. Sai a lokacin ta kalli shukar a matsayin shuka, ba a matsayin mara lafiya ba. Ganyen rama yakan rabu kamar yatsu, amma yana da tafi, a haɗe yake daga gindi. Wannan kowane yatsa zaman kansa yake har zuwa mariƙi, gefensa kamar haƙorin zarto. Ta shafa karan, babu 'yan ƙayoyin nan da ke cizon hannu. Sau ɗaya ta taɓa ganin irinta, a tsakiyar wata gonar masara, ranar da dagaci ya sa aka tuge aka cinna wuta. Warin da ta ƙi tsayawa a kansa ɗazu ya dawo da sunansa. Tabar wiwi ce.

Ta ɗago ta dubi Khaulah. Ba komai a fuskar yarinyar sai damuwar matar da ta ɓata wa mijinta aiki.

Bashira ta sha komawa kan wannan ɗan lokaci daga baya, ta juya shi ta kowace fuska. Bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba. A cikinsa ta tuna muryar da ke gargaɗi a jirgin sama kafin a sauka, kan hukuncin miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan. Ta tuna saura wata takwas Tajuddeen ya gama. Ta tuna Habiba na makaranta, ƙarfe uku za a sauke ta. Ta tuna yatsunta sun taɓa tukwane uku da kwalba. Wata zuciya ta ce mata ai mai yiwuwa Khaulah ta sani, wata ta ce ba a shiga tsakanin mata da miji, wata ta ce bari mai abin ya dawo a yi magana da shi. Duk waɗannan zukata abu ɗaya suke so, ta fita daga ɗakin.

"Anti, za su tashi?"

"Ki daina ba su ruwa sai ƙasar ta bushe. Ki ɓoye kwalbar nan. Fitilar ma a ɗaga ta kaɗan." Muryarta ta fito daidai, ita kanta ta yi mamaki. "Bari in je, na ɗora tukunya."

Ba ta ɗora komai ba. Ta shiga gida ta tofar da abin da ke bakinta, ta wanke hannu da sabulu, ta goga lemon tsami, ta sake wankewa. Hadarin la'asar ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ita kuwa tana tsaye a gaban famfo. Da Tajuddeen ya dawo ta zuba masa abinci, ta tambaye shi ya malaminsa, ba ta gaya masa abin da ta gani ba. Ta ce a ranta gobe.

Gobe ta zama jibi. Ta fara kauce wa Khaulah, yau ciwon kai, gobe wanki. A rana ta tara sai ga hoto, ga saƙon murya a bayansa, Khaulah har da guɗa.

"Anti, sun warke! Wallahi hannunki da albarka. Ki ga yadda suka miƙe. In Malam ya dawo sai na roƙe shi ya tsinko mana mu yi kwaɗo."

Bashira ta buɗe hoton. Sababbin ganye kore shar, sun baje kamar tafin mai addu'a. Aikinta ya yi kyau. Da ta bar su, da kwana biyar ya ishe su mutuwa.

Abdulbasit ya ƙara mako biyu, sannan ya sake ƙara wasu. Shukar da ta sami lafiya ta fara fure, warin ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da farko Bashira kaɗai ke jinsa. Daga baya ta ga tsohon ɗan China da ke ƙarshen layinsu ya tsaya a gaban lif yana ɗaga hanci. Ran nan da hantsi ta ɗaura niyya, ta fita, ta tsaya a ƙofar Khaulah, har ta ɗaga hannu. Daga ciki ta jiyo ta tana wanke-wanke tana bin karatun Alƙur'ani a waya, tana yin kuskure tana komawa baya. Bashira ta ce bari ta idar. Ta koma gida ta jira, jiran bai ƙare ba.

Ranar Talata, wajen ƙarfe goma na safe, ta ji takun mutane da yawa. Ta leƙa ta 'yar hudar ƙofa. 'Yan sanda ne, biyu daga cikinsu mata. Khaulah ta buɗe musu da fara'arta, har tana matsawa gefe su shiga. An ɗauki lokaci. Sai aka fara fito da tukwanen ɗaya bayan ɗaya a cikin manyan ledoji, sannan aka fito da ita, hijabinta a karkace, hannayenta a haɗe a gaba. Tana ta maimaita magana da Turanci, ta koma Malay, da ta rasa kalma ta faɗo Hausa.

"Rama ce. Wallahi rama ce, ta makaranta ce. Ku tambayi maƙwabciyata, ita ta san shuka."

Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ƙwanƙwasa ƙofar Bashira. Sau uku, ya dakata, ya ƙara uku. Tsakanin fuskarta da hannunsa katako ne kawai. Ta toshe bakinta da mayafi, ba ta motsa ba. Ta cikin hudar ta ga Khaulah na kallon ƙofar, har aka juya ta zuwa lif.

Kafin azahar Bashira ta tuge duk ramar da ke barandarta, ta yayyanka ta ƙanana, ta ɗaure a leda biyu ta jefa a ramin shara. Rama ce ta gaskiya, irin Kadawa, amma ba ta iya kallonta.

Wayar Abdulbasit ta mutu a ranar, kuma bai sake dawowa Malaysia ba. Wasu suka ce wasu abokai ne suka ja shi, wasu suka ce shi kansa yake sha tun a gida. Babu wanda ya san gaskiya. Ƙungiyar ɗalibai ta yi taro, aka nemo lauya, wata 'yar Malay mai suna Puan Fatiha. Aka ce irin wannan tuhuma ba a ba da beli, kuma in ta tabbata, ƙuruciyar mutum gaba ɗaya a gidan yari za ta ƙare. Aka kai Khaulah wajen tsarewa, nesa da gari.

Silifas ɗinta na nan a bakin ƙofa, yadda kowa ke barin takalminsa a waje a ƙasar nan. Ruwan hoda ne, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, kamar ta shiga ne yanzu za ta fito. Mai shara takan share gefensu ta bar su. Kullum Bashira ta buɗe ƙofa su take fara gani, ta ga ƙura na taruwa a inda diddige ya lotsa. Ba ta iya ɗauke su ba, ba ta kuma iya daina kallonsu ba.

Ta daina amsa hotunan mata. Ta daina zuwa Chow Kit, Tajuddeen ke biyawa ya sayo. Warin ɗakin nan kuwa ya ƙi barinta. Takan ji shi a cikin lif, a jikin kayan da ta kwaso daga shanya, a tafin hannunta in ta ɗaga za ta shafa addu'a. Kowace safiya in ƙarfe goma ta gabato sai ta ji ƙwanƙwasa uku, shiru, sai uku. Ta sani sarai babu kowa, amma sai ta tsinci kanta tsaye a bayan ƙofa, mayafi a baki. Ta rame har zobenta ya fara zamewa. Tajuddeen ya ɗauka kewar gida ce da tausayin ƙawa, ya riƙa cewa ta yi haƙuri, saura kaɗan su koma.

Wata huɗu a haka. Wata Asabar suna cin abincin rana, Habiba ta tafi islamiyya, Tajuddeen ya ba ta labarin taron da suka yi da lauya.

"Matar nan tana ƙoƙari, amma ta ce hannunta babu komai. Makulli a hannun Khaulah aka same shi, ita ke ba da ruwa. Abin da ake nema shi ne wata shaida da za ta nuna ba ta san mene ne ba. Wayarta kuma babu komai, kin san ta da goge saƙonni wai waya ta cika."

Bashira ta zuba masa ruwa, ya ci gaba.

"Abin da ya ɗaure wa lauyar kai, a rahoton 'yan sanda an rubuta ta ambaci wata maƙwabciya ranar da aka kama ta. Amma tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ruɗewa ce, babu wanda ya taɓa shiga ɗakin sai ita." Ya kai loma. "Ni na ce musu ai ke ce maƙwabciyar, kuma da kin san wani abu da kin faɗa."

Cokalin Bashira ya faɗi a faranti.

"Baban Habiba, na shiga ɗakin."

Ya dube ta.

"Na shiga, na gani, na gane ko mene ne. Ni na gaya mata yadda za ta yi su warke. Ban gaya mata komai ba bayan wannan. Ranar da suka zo ina nan, a bayan ƙofar nan nake. Saƙonninta duk suna wayata."

Tajuddeen ya ture farantinsa. Saura mako shida ya kare bincikensa a gaban malamai. Ya tashi ya wanke hannu, ya sa takalmi ya fita. Ta zauna a inda ya bar ta har aka kira la'asar. Da ya dawo rigarsa a jiƙe take da ruwan sama.

"Na taka har tashar jirgi na dawo," ya ce. "Ina ta neman hanyar da zan ce miki ki goge su. Na samo hanya wajen huɗu." Ya zauna a bakin kujera. "Yarinyar mutane tana can tana rufa mana asiri da rayuwarta. Litinin za mu je."

Ofishin Puan Fatiha ƙarami ne, a saman wani kedai, wato shago. Bashira ta kunna saƙon farko, Tajuddeen na fassarawa. Muryar Khaulah ta cika ɗakin, da damuwarta da shagwaɓarta, tana cewa ramar Malam. Sai na biyu, mai guɗa da zancen kwaɗo. Lauyar ta sa aka bayyana mata mene ne kwaɗo. Da ta ji, ta cire tabarau ta ajiye.

"Mutumin da ya san abin da ke cikin tukunyar nan ba zai ce zai ci shi da ƙuli-ƙuli ba," ta ce da Turanci. Sannan ta juyo. "Ke kuma yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko."

"Za su tambaye ki wannan. Za su tambaye ki me ya sa kika yi shiru, me ya sa kika ba da shawara. Ba zan iya yi miki alkawarin abin da zai biyo baya ba. Kin fahimta?"

"Na fahimta."

An tambaye ta kuwa. Sau huɗu ana kiranta, wani zuwan tun safe har yamma a kan benci. An karɓi wayarta, an riƙe fasfonta. Tajuddeen ya kare bincikensa ya ci, amma ba su tafi gida ba, ya nemi ɗan aikin koyarwa a wata kwaleji suka ci gaba da zama. Labari ya fita cikin mata. Wasu suka daina gaishe ta, wasu suka zo har gida suka ce ko su ne abin da za su yi ke nan, kuma waɗannan sun fi yi mata ciwo. A ƙarshe ba a tuhume ta da komai ba. Shari'ar Khaulah kuwa ta yi ta jan ƙafa, a ɗaga, a sake ɗagawa, sai da ta cika wata goma sha biyar a tsare kafin masu gabatar da ƙara su janye. Da yake takardar zamanta ta mutu tuntuni, ba a sake ta cikin gari ba, hannun jami'an shige da fice aka miƙa ta, a jira jirgi.

A can Bashira ta gan ta, sau ɗaya, ta bayan gilashi. Khaulah ta yi duhu, kumatun sun tafi, ta koyi zama shiru da hannaye a cinya. Suka gaisa kamar baƙi. Bashira ta zo da maganganu da ta shekara tana shiryawa, ko ɗaya bai fito ba.

"Anti," in ji Khaulah, "ranar nan da kika tauna ganyen na ga fuskarki ta canza. Na ɗauka ɗaci ne kawai. Sai da na yi wata biyu a ciki na gane."

"Na sani tun a lokacin, Khaulah."

"Da suka buga ƙofa kina ciki."

"Ina ciki."

"Na ga inuwar ƙafarki ta ƙasan ƙofa."

Bashira ta sunkuyar da kai. "To me ya sa ba ki faɗa musu ba? Wata huɗu."

"Habiba," ta ce. "Kuma da farko ina jira ne in ga ko za ki zo da kanki. Daga baya na daina jira."

"Ki yafe mini don girman Allah."

Khaulah ta daɗe tana kallonta, ba da fushi ba, kallon wanda ya gaji. "Kalma huɗu ce fa, Anti. Ba rama ba ce. Da na zuba su a shara kafin la'asar." Ta gyara hijabi. "Kin zo daga baya, na sani, ba don ke ba da ina can. Duka biyun ina riƙe da su. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ki ba ni lokaci."

Jami'a ta taɓa kafaɗarta, ta miƙe.

Khaulah na Zariya yanzu. Alƙali ya raba aurenta da Abdulbasit, ta koma makaranta. Bashira da Tajuddeen suna nan a Sentul, a gidan nan dai. Mai gidan da su Khaulah suka zauna ya sa an yi fenti, ya zuba wasu 'yan Indonesiya masu jarirai biyu, ƙaramin ɗakin baya ya zama na yara, kuma sukan bar ƙofarsu a buɗe don iska. Bashira takan gaishe su, amma ba ta taɓa taka ciki ba. Ƙwanƙwasar ƙarfe goma ta ragu, ba ta daina ba. Takan zo mata ranar da aka yi shiru da yawa a benen.

Duk salla saƙo ɗaya ke zuwa daga Zariya, a rubuce, barka da salla, ba ƙari. Bashira ta amsa da irinsa. A babbar sallar da ta wuce saƙon ya zo da layi na biyu a ƙasa, ya Habiba, ta shiga aji nawa. Sai da Bashira ta kwana uku tana rubutawa tana gogewa kafin ta aika cewa ta shiga aji shida, kuma ta yi tsawo.